Amsa: Karanta bugun kiɗa bayan an girma

Malam, ka ce ka daɗe kana kaɗa jita da kunne, yanzu kana gane sautin kowace alama a takarda amma tsawonta ke rikita ka. Ba girma ne ya hana ka ba, hannunka ne ya riga idonka.

Ajiye jitar tukuna. Ɗauki layi ɗaya na awon 4/4, wato bugu huɗu a kowane gida (gida shi ne yankin da ke tsakanin layuka biyu na tsaye a takardar kiɗa). Farar alama marar sanda bugu 4 ce, fara mai sanda 2, baƙa mai sanda 1, mai tuta ɗaya rabin bugu. Ɗigo a gefen alama yana ƙara mata rabin tsawonta, shi ya sa baƙa mai ɗigo take bugu ɗaya da rabi. Nan mutane suka fi yin tuntuɓe, don alamar da ke biye takan faɗo tsakanin bugu biyu.

Sa mitironom, na'urar da ke ba da bugu daidai-daidai, a 60, bugu ɗaya kowace daƙiƙa. Ƙafa na bin bugun, baki na cewa "ɗaya-da, biyu-da" ("da" ita ce tsakiyar bugu), hannu na tafa alamomin. In ka iso wurin shiru, buɗe hannu amma kada ka daina ƙirga.

Ni dai ban yarda a saurari kiɗan kafin a karanta ba, kunnenka zai yi maka satar amsa. Tafa layin sau uku ba kuskure, sannan ka ɗauko jitar, ka fara da tsirkiya ɗaya.