Tambaya da Amsa: Wai daga majalisar jiha Obama ya fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Musu ya kaure tsakanina da abokaina a teburin mai shayi. Ni na ce daga majalisar dokokin jiha Barack Obama ya fara siyasa, su kuma suka dage cewa tun farko sanata ne. Don Allah ku raba mana gardama, ku kuma faɗa mana zaɓukan da ya shiga kafin shugabancin ƙasa. Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, da kai da abokanka duk kuna da gaskiya. Abin da ya haɗa ku faɗa shi ne a Najeriya majalisar jiha ɗaya ce tal, amma a Amurka kowace jiha, ban da Nebraska, tana da biyu: ta wakilai da ta dattawa. A jihar Ilinoi wakilai 118 ne, dattawa 59. To, cikin 59 ɗin nan Obama ya zauna daga Janairun 1997 zuwa ƙarshen 2004, yana wakiltar mazaɓa ta 13 a kudancin birnin Shikago. An haife shi ran 4 ga Agusta, 1961 a Honolulu, ya karanta shari'a a Harvard, yana koyarwa a Jami'ar Shikago ya tsaya takara.

Zaɓensa na farko shi ne abin dubawa, domin a kan takarda aka gama shi, ba a akwati ba. Mai kujerar, Alice Palmer, ta nemi majalisar tarayya a 1995, ta kuma mara wa Obama baya ya gaje ta. Da ta sha kaye a hannun Jesse Jackson ƙarami sai ta dawo neman kujerarta, shi kuwa ya ce allambaram ba zai janye ba. Doka ta ce sai ɗan takara ya kawo sa hannun masu rajista 757 na mazaɓar kafin sunansa ya hau takardar fidda gwani. Palmer ta kawo 1,580, amma a gurguje aka tara su. Mutanen Obama suka je ofishin hukumar zaɓe suka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya suna gwadawa da kundin rajista. Ga abin da ke soke sa hannu: mutum bai yi rajista ba, ko adireshinsa ya faɗa wata mazaɓa, ko rubutun bai yi kama da na kundi ba, ko kuma wanda ya zaga da takardar shi kansa bai cika sharaɗi ba, wanda hakan kan zubar da shafi sukutum. Aka yi ta zaftarewa har nata ya kasa kai 757, ta janye. Sauran 'yan takara uku ma haka aka yi waje da su. Doka dai ta ba shi dama, amma wasu a Shikago sun daɗe suna ganin abin a matsayin butulci.

Daga nan sai gangara, tunda mazaɓar ta 'yan jam'iyyarsa ta Dimokurat ce: kashi 82 cikin ɗari a 1996, kashi 89 a 1998, a 2002 kuma babu ko abokin karawa. Tuntuɓe ɗaya ya yi, a 2000, da ya nemi ƙwace kujerar majalisar wakilai ta tarayya daga Bobby Rush. Rush ya ninka shi ƙuri'a.

Shekaru shidansa na farko a majalisar dattawan jihar 'yan jam'iyyar Rifablikan ne ke da rinjaye, don haka aikinsa bai fito sosai ba sai 2003, da aka ba shi kwamitin lafiya. A shekarar ce ya tura dokar da ta tilasta wa 'yan sanda naɗar tambayoyin da suke yi wa wanda ake zargi da kisan kai. Akwai kuma abin da abokan hamayya suka riƙa yi masa gori a kai: maɓallai uku ne gaban kowane sanata, kore na "e", ja na "a'a", rawaya na "ina nan". Ya danna rawayan kusan sau 130. Da yake sai ƙudiri ya sami "e" 30 zai wuce, rawayan nan "a'a" ce cikin lulluɓi.

A Nuwamban 2004 ya kayar da Alan Keyes da kashi 70 cikin ɗari, ya zama sanatan tarayya, wato wanda abokanka suka sani.