Ni ce ke tarin fuka, Iya za a yanke wa albashi?

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Daga wani ƙauye a ƙasar Ringim nake rubuto miki. Tun da na haifi tagwaye muka ɗauki wata dattijuwa, Iya muke ce mata. Da hantsi take zuwa, ta yi shara da wanke-wanke, ta kai niƙa, ta tuƙa tuwon dare kafin ta tafi. Muna ba ta naira dubu 12 a wata, kuma kullum tana tafiya da kwanon tuwo saboda jikokinta marayu uku.

Na yi kusan wata biyu ina tari, ga zufa da dare, har zani ya daina zama a ƙuguna. Da aka gwada kakina a asibiti aka ce tarin fuka ne, aka ɗora ni kan magani. Sai na ce wa Iya ta zauna a gida, ƙanwata za ta riƙe aikin. Ban faɗa mata dalili ba. Yau kwana 16 ke nan.

Maigidana ya ce a ƙirga kwanakin da ta yi aiki a biya ta, tunda ga ɗawainiyar jinya ta hau kansa. Surukata kuma ta ce kada in kuskura Iya ta ji sunan ciwon, don bakinta ba ya shiru. Shekaranjiya jikarta ta zo ta tsaya a zaure da kwano, ƙanwata ta ce mata babu. Tun ranar raina ba ya min daɗi. Yaya zan yi?

Maman Tagwaye

Wa alaikumus salam, Maman Tagwaye. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Hana Iya zuwa da kika yi daidai ne. Manzon Allah (SAW) ya hana a cuɗa mai ciwo da mai lafiya. Amma ki tambayi Malam, maigidanki, abu ɗaya cikin ladabi: wa ya fasa aiki? Iya ba ta ce ta gaji ba, ba ta tafi biki ba. Ku kuka sallame ta, kuma da yau za ku aika, da gudu za ta zo. Malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa wanda aka ɗauka aiki na wata, ladansa ya tabbata muddin ya miƙa kansa, ko da mai gidan bai sa shi komai ba. Saboda haka dubu 12 ɗin nan hakkinta ne cif, ba alfarma ba. In aljihu ya yi zafi, a kira ta a roƙe ta a biya kashi biyu, da yardarta. Yanke mata a bayan idonta ne ban yarda da shi ba.

Sai maganar kwano, wadda ta fi damuna. A karkararmu kowa ya san tuwon da mai aiki ke tafiya da shi rabin albashinta ne, wani lokacin ma ya fi kuɗin. Dubu 12 nawa za ta auna na gero a kasuwa yanzu? Kwana 16 marayu uku na kwana ba wannan tuwon, kakarsu kuma tana can tana juya abin a ranta, ko laifi ta yi, ko korarta aka yi a fakaice.

Surukarki tsoron bakin mutane take ji, na gane. Amma Iya ta yi wata biyu tana share ɗakinki kina tari. Tarin fuka ta iska yake bi, idan mai shi ya yi tari ko atishawa, musamman a ɗaki marar taga. Ba a kwano ko moɗa yake zama ba, don haka ware miki cokali ba shi ne kariya ba. A buɗe tagogi, ki riƙa rufe baki in za ki yi tari, ki yawaita zama a tsakar gida. Dole Iya ta san abin da ta zauna da shi domin ta je a duba ta, ga ta da shekaru, ga ƙananan yara a hannunta. Gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuɗin mota kawai za ku ba ta. Ku haɗa da tagwayen da Malam da ƙanwarki, don akwai maganin kariya da ake ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 idan suna gida ɗaya da mai ciwon. Ki faɗa wa Iya da bakinki, ki ce amana ce. Wanda aka ɓoye wa magana ya fi yawo da ita in ya tsinta a waje.

Maganin na wata shida ne, amma ba duk wata shidan Iya za ta zauna a gida ba. Galibi in an yi mako biyu ana sha ba fashi, yaɗuwar tana raguwa sosai, amma ma'aikacin lafiyar da ke ba ki magani shi zai ce ta dawo, ba ni ba. Ke dai kada ki ajiye ƙwayoyin don kin ji sauƙi, nan ne ciwon yake dawowa da taurin kai.

Kafin nan, yau da magariba ki sa ƙanwarki ta zuba tuwo ta kai gidan Iya da kanta, ta ce mata gobe da hantsi kina son ganinta a tsakar gida.

Anti