Famfon sola ko injin fetur a fadamar Argungu?

Malam, ka tambaya ko famfon sola yana rage hayaƙin kabon da gaske. Ƙwarai kuwa. Duk litar fetur da injin ban ruwa ya sha, kusan kilo 2.3 na iskar kabon yake fitarwa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, maƙwabcina a fadamar Argungu ya jingine jarkokinsa ya kafa faifan sola, ruwa na kwarara ba ƙara ba hayaƙi. Kuɗin sayensa dai ke gagarar ƙaramin manomi, abin na damuna matuƙa. Sannan shinkafar da ke kwana cikin ruwa tana fitar da iskar mitan, wadda ita ma ke ƙara ɗumamar duniya kamar iskar kabon. Sola ba ta maganinta, sai an riƙa barin gona ta ɗan tsane kafin a sake ba ta ruwa.