Tambayoyinku: Tsofaffin fina-finan dokumentari, gaskiya ne ko shiri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce, kuma kwanan nan na kamu da son kallon tsofaffin fina-finan dokumentari na wajen 1940 zuwa 1960, na dabbobi da na rayuwar mutane. Sai yayana ya ce ɓata lokaci nake yi, wai duk shirya su aka yi, har da wani da aka ingiza ɓeraye cikin ruwa da gangan. Da gaske ne? In haka ne, me ya rage a cikinsu da za a kalla?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. A kan ɓerayen nan yayanki yana da gaskiya. Fim ɗin na kamfanin Disney ne, sunansa White Wilderness, ya fito a 1958. An nuna wasu ƙananan dabbobi dangin ɓera da ake kira lemin, mazauna ƙasashen ƙanƙara, suna tururuwa har bakin wata gaɓa mai tsayi suna zuba cikin ruwa, mai sharhi kuma yana gaya wa 'yan kallo cewa teku suke faɗawa. Alhali a lardin Alberta na Kanada aka ɗauki wurin, lardin da ba ya iyaka da teku ko ta ina. Kogi ne kawai. Dabbobin ma daga wani wuri aka kwaso su, kuma masu ɗaukar fim ɗin ne suka tura su. Fim ɗin ya ci lambar Oscar, sai a 1982 gidan talabijin na CBC da ke Kanada ya tona asirin. Lemin ba sa kashe kansu kamar yadda ake yayatawa. Idan suka yi yawa sukan watse neman abinci, wasu su nutse wajen ƙetare ruwa, iyakar maganar ke nan. Wannan aiki ha'inci ne, kuma zalunci ne ga dabbobin, ba ni da uzurin da zan nema masa.

Inda ban bi yayanki ba shi ne da ya yi musu kuɗin goro. Shiri suna ya tara. Ki fara duba kayan aikin zamanin. Babbar kyamara mai zaren fim na milimita 35 tana da nauyin gaske, injinta kuma yana ƙara, ga na'urar ɗaukar sauti da sai an ɗauko ta a mota. Ƙaramar kyamarar milimita 16 da ake iya riƙewa a hannu, da yawa wana su ake yi kamar agogo, ba a cika rabin minti ba sai ta tsaya a sake wanawa. Zaren fim mai ƙafa 100 kuwa bai kai minti uku ba ya ƙare. Wanda ke aiki da irin waɗannan kaya ba zai kunna kyamara ya zauna jiran abin da Allah zai kawo ba. Dole ya ce wa masunci ya sake jefa tarunsa, ya ce wa mai saƙa ta matso inda haske yake.

Ga misali daga Ingila. A 1936 sashen fim na hukumar gidan waya ya fitar da Night Mail, a kan jirgin ƙasan da ke kai wasiƙu daga Landan zuwa Sukotland cikin dare. Cikin taragon da ake rarraba wasiƙu ba a jirgi aka ɗauke shi ba, a ɗakin ɗaukar fim aka gina shi, aka kawo ainihin ma'aikatan aka ce su riƙa ɗan rangaji kamar jirgi na tafiya. Ni ban ɗauki wannan ƙarya ba, domin abin da aka nuna shi mutanen ke yi kowane dare ko da kyamara ko babu. Tambayar da nake yi wa kowane fim ke nan: in da babu mai ɗauka a wurin, wannan abu yana faruwa haka? Ma'aikatan wasiƙa sun tsallake, ɓerayen Disney sun faɗi.

Akwai kuma na tsakiya, waɗanda suka fi ba ni wahalar yanke hukunci. John Marshall ya fitar da The Hunters a 1957, a kan mafarauta a hamadar Kalahari suna bin sawun raƙumin dawa kwana da kwanaki. A fim farauta ɗaya ce, amma an haɗa ta ne daga fita daban-daban da dabbobi fiye da ɗaya. Kibiya mai dafi gaskiya ce, iya karanta sawu gaskiya ne, rabon nama gaskiya ne. Labarin ne aka ɗinka. Zan ce ki kalla, ki koyi abin da hannayen mutanen ke yi, ki rage yarda da tsarin labarin.

Wasu kuwa darajarsu tana cikin abin da suka nuna ba tare da kunya ba. Fim ɗin Jacques Cousteau da Louis Malle na 1956 a kan ƙarƙashin teku ya ci babbar lambar bikin fina-finai na Cannes a Faransa, ya kuma ci Oscar, kuma ta hanyarsa mutane da yawa suka fara ganin cikin teku da launinsa. A cikin wannan fim ɗin za ki ga an tayar da nakiya a cikin ruwa don a ƙirga kifayen da suka mutu, ki ga ma'aikatan jirgi suna janyo kifayen shak suna kashewa. Ba wanda ya ɓoye, domin a lokacin ba su ga aibun hakan ba. Cousteau ya koma ɗaya daga cikin manyan masu kare teku daga baya. In kina son sanin yadda tunanin ɗan Adam game da halittu ya sauya cikin shekara saba'in, da wuya ki sami shaidar da ta fi wannan.

Abu ɗaya da zan roƙe ki: ki riƙa tsayawa ki karanta sunayen da ke farko da ƙarshen fim, ki ga wa ya biya kuɗin. Louisiana Story na Robert Flaherty, na 1948, fim ne mai kyawun gaske a kan wani yaro da masu haƙar mai a cikin fadama, amma kamfanin mai na Standard Oil ne ya ɗauki nauyinsa, kuma za ki ga masu haƙar sun zo sun tafi ba su ɓata komai ba. Haka fim ɗin Bernhard Grzimek na 1959 a kan dajin Serengeti. Shi da ɗansa Michael sun ƙirga namun daji daga sama a ƙaramin jirgi, ɗan ya rasu a watan Janairun shekarar bayan jirginsa ya yi karo da ungulu. Sadaukarwar ba a musunta ta. Sai dai fim ɗin yana kiran a bar dajin ga dabbobi zalla, kuma a wannan shekara ce aka fitar da makiyayan Masai daga Serengeti. Ra'ayinsu ba ya cikin fim ɗin.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na lura a irin waɗannan fina-finai kullum muryar wani mutum ce ke bayani daga farko har ƙarshe, mutanen da ake nunawa bakinsu na motsi amma ba a jin su. Me ya jawo haka, kuma yaushe aka daina?

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Rabin dalilin na'ura ce, kamar yadda na faɗa a sama. Ɗaukar hoto da murya a tare a waje aiki ne ja, saboda haka sai a ɗauko hoto shiru, a dawo a rubuta sharhi, a sa kiɗa. Ɗaya rabin kuwa ra'ayi ne. Masu fim da yawa, musamman a ƙasashen da ake wa mulkin mallaka, ba su ga cewa wanda ake nunawa yana da abin faɗa ba. Hujjata ita ce tun 1935 an yi Housing Problems a Landan, inda aka ja kayan sauti har cikin unguwar talakawa, mata suka dubi kyamara suka ba da labarin ɓeraye da bangon da ke tsagewa da bakinsu. Ashe dai in an so ana iyawa.

Wanda na fi so a bi labarinsa a nan shi ne Jean Rouch, Bafaranshen da ya daɗe yana aiki a Nijar. Ya yi fim a kan farautar dorina a kogin Kwara, ya sa masa kiɗa yadda aka saba, sannan ya yi abin da kaɗan ne suke yi a lokacin: ya koma ya haska wa masuntan da ya ɗauka. Suka ƙi yarda da kiɗan, suka ce dorina tana da kunne, in ta ji kiɗa guduwa za ta yi, ba mai farautarta da kiɗa. Rouch ya karɓi gyaran. A fim ɗinsa na 1958, Moi, un noir, a kan matasan Nijar masu ci-rani a Abijan, hoton shiru ya ɗauka, sai ya zaunar da Oumarou Ganda, ɗan dako a tashar jiragen ruwa kuma tsohon soja, yana kallo yana faɗin abin da ke ransa. Wannan muryar ce ta zama sharhin fim ɗin.

Wajen 1960 na'urar ta iso. An sami rakoda ƙarama ta Nagra da ake ratayawa a kafaɗa da kyamarori marasa nauyi. A Amurka Robert Drew da abokan aikinsa suka bi John Kennedy da Hubert Humphrey wajen yaƙin neman takarar shugaban ƙasa a jihar Wisconsin, a Faransa kuma Rouch da Edgar Morin suka fitar da fim a 1961 inda ake tare mutane a titunan Paris ana tambayarsu ko suna cikin farin ciki.

Duk da haka jin muryar mutum daban, riƙe kyamara daban. Ousmane Sembène, mai shirya fim ɗan Senegal, ya gaya wa Rouch ido da ido a 1965 cewa masu irin aikinsa suna kallon 'yan Afirka kamar ƙwari, kuma ina ganin ƙorafin yana da tushe ko da Rouch ya fi takwarorinsa adalci. Wata dokar Faransa ta 1934 ta hana ɗaukar fim a yankunan da take mulka a Afirka sai da izinin hukuma, shi ya sa Paulin Vieyra da abokansa suka yi fim ɗinsu na 1955 a Paris, a kan 'yan Afirka mazauna can. Ganda shi ma bai tsaya ga fitowa a fim kawai ba. Ya zama darakta, kuma a 1972 fim ɗinsa ne ya fara cin babbar lambar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu.