Masu ƙera motoci ko maƙeran motoci?

Wani mai karatu daga Zariya ya ji labarin ƙungiyar masu ƙera motoci ta Japan a rediyo, sai ya aiko da tambaya biyu: me ya sa ba a ce musu maƙeran motoci? Kuma wane karin magana ne ya dace da abokan gasa da suka haɗa kai?

Malam, a nahawu ba ka yi kuskure ba. Ƙera ita ce uwa, daga gare ta aka samu ƙira, maƙeri, da maƙera. Sai dai kunnen Bahaushe in ya ji maƙeri, mutum yake gani zaune gaban uwar maƙera, ana yi masa zuga, yana fitar da fartanya da lauje. Sana'a ce ta gado, har da sarautarta, Sarkin Maƙera. 'Yan ƙungiyar da ka ji kuwa, wato JAMA, wadda aka kafa a 1967, kamfanoni ne irin su Toyota, Honda, Nissan da Suzuki. Shi ya sa "masu ƙera" ta fi zama daidai.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke cuɗa ƙera da harhaɗa. Wanda ya narka ƙarfe ya fitar da inji da gangar jiki, shi ya ƙera. Wanda aka turo wa sassa a akwati ya ɗaure su, harhaɗawa ya yi. Masana'antar Fijo ta Kaduna da aka buɗe a 1975 da harhaɗa ta fara, yawancin sassan daga Faransa ake kawo su. Ina roƙon 'yan jaridarmu su riƙa bambancewa, domin mai sauraro ya san matakin da masana'antar ƙasa ta kai.

A kan karin magana, da yawa za su ce "tsintsiya maɗaurinki ɗaya". Ni ban zaɓe shi ba, don yana nuna 'yan gida ɗaya ne, alhali Toyota da Honda kasuwa ɗaya suke takara a kai. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" ya fi kamawa. Jinka ita ce rufin ɗaki na ciyawa. Maƙwabta ke taruwa su ɗora ta, sannan kowa ya koma gonarsa. Haka JAMA take: tare suke tunkarar gwamnati kan haraji da dokokin hayaƙi, tare suke shirya baje kolin motoci na Tokyo, amma farashin mota kowa nasa yake yankewa.