Filin Tambaya da Amsa: Wace kwamfuta za ta ɗauki karatun injiniya a zafin Yamai?

Tambaya: Salamu alaikum ɗana mai wannan fili. Ni ƴar kasuwa ce a nan Tawa, atamfa da leshi nake saidawa. Yaron nan babban (ka san ba a faɗin suna) ya samu bak, Allah ya sa ya shiga EMIG, makarantar injiniyoyi can Yamai, jeni sibil zai yi, wato injiniyan gini. Tunda ya tafi kullum waya, inna ordinatar, inna ordinatar, wai wayar hannu ba ta zanen gini. Na ɗauki adashe na haɗa da abin da kawunshi ya kawo, jika 450 ke hannuna. Wani mai butik ya nuna min wata siririya mai ƙyalli ya ce i7 ce ba ta da ta biyu, wani kuma ya ce in ba ta milyan ba kar ma in ɓata kuɗɗina. Ni i7 ko i70 duk ɗaya gare ni. Wa zan bi cikinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, barkanku da arziki, Allah ya sa ya gama lafiya ya gina muku bene da hannunshi. Cikin su biyun kar ku bi kowa tukuna, na farko sitika yake son saida muku, na biyu kuma tsoro yake saidawa.

Kafin a taɓa ko dala, ku sa yaron ya zauna da ƴan shekara ta biyu da ta uku na sashensu ya tambaye su da waɗanne manhajoji ake aiki, don kwamfuta jaki ce, sai an san kayan da za a ɗora mata sannan a san wane jaki za a saya. Ƴan jeni sibil a ƙasashenmu yawanci manhajojin zane da lissafin gini irin su AutoCAD ne da Covadis da Robot, sai Revit, sai QGIS wajen taswira. Shekarar farko kuwa lissafi ne da karatun takardu ya fi yawa, wato ko an ƙara sati biyu ana bincike ba abin da zai wuce shi, kar kukan yaro ya sa ku gaggawa.

Maganar i7 yanzu. Hajiya ku da kanku kun san ba duk turmin da aka buga wa tambarin holandis ba ne holandis, sai an murza an duba bakin zane. To i7 haka yake, sunan gidan prosesar ne kawai, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, bai faɗin shekarun mai shi, akwai i7 da aka yi tun 2013 wadda i5 ta kwanan nan za ta bar ta a baya ko ƙurarta ba ta gani. Abin dubawa lambar da ke biye da sunan. In an ga i7-4600U ta ƙarni na 4 ce, tsohuwa tukuf, in an ga i7-8850H ta 8 ce, i7-10750H kuma ta 10. Kar a sauka ƙasa da 8, dalili Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 daga ƙarni na 8 na Intel yake karɓa, duk wadda ta gaza nan sai dai a cusa mata shi ta bayan gida kuma wata rana sai ta ba da kunya. Sai harafin ƙarshe, wannan masu butik ba su cika son a tambaya ba. U na nufin mai tsimin batiri, wajen watt 15 take ci, ta ofis ce da rubutun wasiƙa. H tana cin wajen watt 45, ita ce mai ƙarfin jan kaya. Siririyar nan mai ƙyalli da aka nuna muku, ko ban gan ta ba zan iya cewa U ce.

Inda na fi son ku tsaya da ƙafa biyu shi ne RAM. Ku ɗauke shi kamar teburin butik ɗinku, in ƙarami ne duk atamfar da mai saye ya ce a nuna mishi sai an naɗe wata an maida sannan a baje wannan, aiki na tafiya amma ran kowa ya ɓaci. Jiga 16 shi ne mafari ga ɗan injiniya, 8 zai yi shekarar farko daga nan sai kuka. Kuma abin da ya fi adadin ma muhimmanci, a tambaya ana iya ƙarawa ko a like yake da dalma a jikin allon. Ni nan ya taɓa ci na, lokacin ina ɗalibi na tara burs na wata da watanni na sayi wata siririya don in burge abokai a Harobanda, jiga 8 a like, babu ramin ƙari ko ɗaya, da lokacin memwar ya zo sai in buɗe zane in tafi in yi alwala in yi salla in dawo tana nan tana juya ɗan zobenta, ƙarshe aron ta wani na yi dare dare shi yana barci ni ina aiki, wallahi har yau in na ga siririyar kwamfuta sai na ji wani abu a wuya. Diski kuma, inda ake aje aiki, SSD mai sauri wanda ba ya juyawa, jiga 512, wanda ya ce muku tera guda ne amma na da mai juyawa ku ce kun gode.

Kart girafik, wato abin da ke zana hoto mai tudu da kwari a ekran, nan ma akwai wayo. Za a ce muku jiga 8 gare ta alhali aro take yi daga RAM. Yaron ya buɗe Gestionnaire des tâches ya shiga Performance ya duba GPU, ya ga sunan NVIDIA da abin da aka rubuta gaban mémoire dédiée, wannan ne nata na kanta, jiga 4 ya ishe shi har ya gama.

To da kuɗɗin da ke hannunku ni da zan zaɓa, okaziyon zan nema cikin waɗanda aka ƙera tun asali don injiniyoyi, irin su Lenovo ThinkPad P52 ko P53, Dell Precision 7530 ko 7540, ko HP ZBook 15 G5 da G6, duk na 2018 da 2019 ne, kamfanonin Turai da Amurka sun yi aiki da su sun sauya shi ya sa suke zubowa kasuwanninmu. Ba su da kyan gani ko kaɗan, baƙaƙe ko ruwan toka, nauyi wajen kilo biyu da rabi, sharjar kamar bulo mai watt 150 ko fiye, yaron zai ɓata fuska ranar farko ku ƙyale shi. Amma fanka biyu gare su, ramukan RAM har huɗu, ana kwance su da turnabis a share a sauya batiri a ƙara diski, duk mai gyara da ya san aikinshi ya iya su. In ba a dace da mai lafiya ba, ta ƴan wasan gem mai kart RTX ita ma tana yin aikin AutoCAD da Revit sarai, illarta dai ƙara da zafi da jikin roba, sai kuma gem ɗin kanshi, wannan kuma tsakaninku da ɗanku.

Shawarata a saya a Yamai inda yaron yake, ba don Tawa ba ta da kaya ba, sai don in ta tashi ciwo cikin satin farko kar a ce sai an sa ta a mota an bi ta Doso da Ƙonni fiye da kilomita 500 don a maida wa mai ita. Ya tafi da wani babba cikin ɗalibai, su zauna a butik ɗin ko awa guda ce, ba kunya a ciniki. Su shiga BIOS, saitin da ake shiga tun kafin Windows ya tashi, su tabbatar babu kalmar sirri, su haɗa ta da intanet su ga ba ta fito da sunan wani kamfani tana neman a shiga da asusunshi ba, don irin wannan kullen ko an goge Windows yana dawowa. Su buɗe cmd, baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, su rubuta powercfg /batteryreport, za ta fito da ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage, in ya sauka ƙasa da kashi 70 cikin 100 a rage kuɗin sabon batiri daga farashi. Su danna kowane harafi, su gwada kowane rami na USB, su sa ta aiki mai nauyi minti 30 su ji ko za ta mutu. Kilabiye ma abin dubawa ne, wadda ta fito Amurka QWERTY ce, shi kuma da Faransanci zai rubuta rahoto, é da è da ç za su riƙa ba shi wahala, ana iya sabawa amma gara ya sani tun a butik. A karɓi faktir da garanti a rubuce da lambar jikin na'urar, garantin baki iska ne.

Kuma Hajiya kar ku zuba 450 ɗin duka a kanta. Ku ware kamar jika 60 gefe, a sayi rallonj mai kare na'ura daga bugun kuran, don ba ɗauke wutar ke kashe sharja ba, dawowarta da ƙarfi ne, a sayi suri mai waya, ɗan linzamin nan da ake turawa da hannu, saboda ba a zanen gini da yatsa, da jakar baya mai kauri wadda ba ta yi kama da ta kwamfuta ba, da diski na waje.

Sauran maganar ta yaron ce, ku miƙa mishi mujallar. Ƙanena, Autodesk na ba ɗalibai AutoCAD da Revit da Robot kyauta shekara guda ana sabuntawa, katin makaranta kawai za ka nuna musu ta intanet, saboda haka ka rabu da na sata da ake yawo da shi a kile, rabin ciwon kwamfutocin ɗalibai daga nan yake shigowa. Ka shiga Lenovo Vantage ko makamancinshi na Dell ko saitin BIOS na HP ka tsaida cajin batiri a kashi 80 tunda yawanci a jone take, batiri cike taf cikin zafi shi ke kumbura. In za ka yi aiki mai nauyi ka jona ta, a kan batiri da gangan take rage ƙarfi. In ka ga BitLocker, makullin diski na Windows, a kunne ka rubuta lambar ceto mai lambobi 48 a takarda ka aje wajen inna. Aikinka kuma ya kwana wuri biyu kullum, nata diskin da na waje, kar ka zo mana nan ana saura kwana uku sutnans kana salati.

Tambaya: Yaya barka da aiki. Ina karatun jeni mekanik a Yamai, yayana da ke Faransa ya ce zai aiko min MacBook, ƙawayena sai murna suke taya ni amma wani malami ya girgiza kai da na faɗa mishi. In karɓa?

Amsa: Ƙanwata malaminku ya san abin da ya gani. MacBook na'ura ce mai kyau, batirinta na kai yini, ba ta zafi sosai, da lissafi da MATLAB da Python ne kawai aikinki da na ce ki karɓa da hannu biyu. Amma ƴan mekanik SolidWorks da CATIA ne abincinsu kuma ba su da na Mac, Windows suke so. Da can ana raba diskin Mac a sa Windows gefe, tunda Apple ta koma nata prosesar M1 a 2020 wannan ƙofar ta rufe, sai dai ta Parallels, manhajar da ke tafiyar da Windows cikin Mac, wanda kuɗi ake biya kuma aikin ba ya tafiya yadda ya kamata, ke za ki zauna kina faɗa da na'ura abokanki sun miƙa aiki. Ki kira yaya da ladabi, kar ki ce ba kya so, ki ce malamai sun ce Windows. Da kuɗin MacBook ɗin zai samu ThinkPad P ko ZBook da aka sabunta a can har da canji, ga kilabiyen Faransanci AZERTY a kai, kuma wajen SolidWorks ɗin ne kart irin Quadro ko RTX A ke da amfani na gaske don su kamfanin ya gwada ya amince da su. In kuma kuɗin zai turo, Yuro guda sefa 655.957 ne ba ya motsi, ki yi lissafinki tun kafin ki shiga kasuwa. Wanda zai riƙo ta ya sa ta a jakar hannu cikin jirgi, kar ta shiga cikin akwati.

Tambaya: Malam tawa lafiyarta lau da safe, amma da azahar in na sa ta aikin Revit sai fanka ta yi ta ihu can sai ta mutu ɗif. Mai gyara ya ce in sayi sabuwa.

Amsa: Aboki tsakaninka da Allah, a kan katifa kake ɗora ta ko? Iska ta ƙasa take sha, katifa da darduma da cinya duk toshe mata hanci suke yi. Prosesar in ya doshi digiri 100 sai ya rage gudu, in bai samu sauƙi ba ya kashe kanshi don kar ya ƙone, ga Afrilu da Mayu na Yamai da kan wuce digiri 40 a inuwa, ga ƙurar hunturu da ta yi wata uku tana shiga ta zama kamar auduga a bakin fanka. Ka kai ta wajen wani mai gyaran dabam, ya buɗe a gabanka ya share ƙurar, ya goge tsohon man sanyaya da ya bushe a kan prosesar ya shafa sabo, aikin bai kai awa ɗaya ba. In ka dawo gida ka ɗora ta a tebur ka ɗaga bayanta da murfin kwalba biyu, aiki mai nauyi kuma ka bar shi sai bayan isha'i ko da asuba, sharar nan ka riƙa maimaita ta duk ƙarshen hunturu kafin zafi ya shigo.