Ni AA Ne, Ɗana SS: In Je Gwajin DNA?

Tambaya: Assalamu alaikum, Hajiya. Ni magidanci ne, shekarata tara da aure, 'ya'yanmu uku. Kafin ɗaurin aure an yi mana gwajin jini, takarda ta nuna ni AA ne, matata AS, aka ce babu matsala. Wata biyu da suka wuce autanmu mai shekara biyu ya kwanta, hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, kuka ba dare ba rana. A asibiti aka ce sikila ce, SS. Tun daga ranar barci ya ƙaurace wa idona. Wani abokina ya ce mai AA ba ya haifar SS, in ɗauki yaron in je a yi mana gwajin DNA a ɓoye. Wallahi ban taɓa ganin abin zargi a tare da matata ba, 'yar kawuna ce, tare muka tashi. Amma zuciya ba ta da ƙashi. Mene ne abin yi? Wani magidanci daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaro lafiya, ya sa kaffara ne. Na ji daɗi da ka fara tambaya kafin ka furta wa maiɗakinka kalmar da ba ta komawa baki.

Na haura shekara ashirin ina aiki a ɗakin gwajin jini, kuma abin da na fara zargi da na karanta wasiƙarka shi ne takardar da aka ba ka shekara tara da suka wuce. Lissafin abokinka daidai ne a ƙa'ida: yaro yana karɓar S ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kafin ya zama SS. To amma wa ya tabbatar maka kai AA ne? Yawancin ƙananan ɗakunan gwaji suna amfani da tsohuwar hanya, wadda ake ɗiga jini a kan wata takarda a sa mata lantarki, sannan ma'aikaci ya duba layukan da idonsa. In sinadarin ya tsufa, ko wuta ta ɗauke ana cikin aiki, ko aka rubuta sunan wani a kwalbar wani, sai mai AS ya fito AA. Da idona na ga ma'aurata sun zo mana ba sa ga maciji, takardar mijin ta wani wuri ta ce AA, muka sake gwaji sau biyu ya fito AS. Mutumin nan zama ya yi a kan benci ya rufe fuska da hula, don ya riga ya tura matar gida wata guda. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da S, ka ga ba abin mamaki ba ne a ce kana cikinsu.

Akwai kuma wata hanya da mutane ba su cika sani ba. Wani yana ɗauke da gadon wata larurar jini da ake kira talasimiya, lafiyarsa ƙalau, kuma tsohon gwajin yana nuna shi AA. In ya auri mai AS, ɗansu zai iya karɓar S daga uwa, talasimiya daga uba, ya riƙa ciwo irin na masu sikila, takardarsa kuma ta fito tamkar SS. Ba ta da yawa a ƙasarmu, amma akwai ta.

Saboda haka matakin farko, ku je babban asibitin koyarwa, ku ukun, kai da uwar da yaron, a sake muku gwaji da na'urar da ake kira HPLC, a haɗa da ƙidayar ƙwayoyin jini. Ita wannan na'ura tana auna kowane nau'in jini da adadinsa, kuma tana tona talasimiyar da ta ɓuya. In an yi wa yaron ƙarin jini a kwanciyar nan, ka faɗa musu, domin jinin da aka ƙara masa yana rikita sakamako har kusan wata uku. Wannan tafiya ba ta buƙatar ɓoye-ɓoye. Ka ce wa maiɗakinka kana so a tabbatar da gwajin kowa saboda sauran yaran da haihuwa ta gaba, kuma gaskiya ka faɗa.

Yanzu ga maganar DNA ɗin. Kowane mutum yana da kuromosom 46, wato ƙunshin da ke ɗauke da gadon halitta, rabi daga uwa rabi daga uba. Ba a buƙatar ɗibar jini. Ana goga auduga a cikin kumatu ne kawai. Sai a duba wurare goma sha biyar zuwa ashirin da 'yan kai a cikin ƙwayar halittar yaro, a ga ko a kowane wuri akwai abin da ya dace da na uba. In duk sun dace, takarda takan nuna kashi 99.9 cikin ɗari ko fiye. In wurare da yawa suka saɓa, sai ta nuna sifili. Saɓani a wuri guda kaɗai ba ya kore uba, domin ƙwayar halitta takan ɗan sauya tsakanin uba da ɗa, kuma ɗakin gwaji na ƙwarai ya san haka.

Wani masani ne, Alec Jeffreys, ya gano wannan hanya a Jami'ar Lesta ta Ingila a 1984. Abin da yake burge ni shi ne shari'ar farko da aka yi amfani da ita a 1985: wani yaro ne ɗan asalin Gana da hukumar shige da fice ta Birtaniya ta yi shakkar ko ɗan matar da yake kira uwa ne. Gwajin ya tabbatar ɗanta ne, aka bar shi da danginsa. Haɗa iyali aka fara yi da shi.

Ilimin ingantacce ne, amma hannun mutane yake bi. Wurare da yawa da ke tallar gwajin ba su suke yi ba, karɓar samfuri suke yi su aika Legas ko ƙasar waje. Wanda aka yi a ɓoye, uba ya goga auduga a bakin yaro yana barci ya kai a ambulan, babu wanda ya shaida daga bakin wa ta fito, kuma ba hujjar da kotu za ta dogara da ita ba ce. Sannan gwajin da babu uwa a cikinsa ba zai nuna maka ko an yi musanyar jariri a wurin haihuwa ba. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma ka yi tunanin matar da za a yi wa saki a kan ɗan da ita ma ba ita ta haifa ba.

Kuma ka sani, ko da takarda ta ce sifili, ba ita ke yanke nasaba ba. Manzon Allah (SAW) ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne. Wani Balaraben ƙauye ya zo masa yana cewa matarsa ta haifi baƙin yaro, sai ya tambaye shi launin raƙumansa. Ya ce jajaye ne. Ya ce, akwai mai launin toka a cikinsu? Ya ce akwai. Daga ina ya samo? Mutumin ya ce wataƙila wata jijiya ce ta gado ta fizgo shi. Sai Annabi ya ce, ɗanka ma wataƙila haka ne. Hanyar da shari'a ta tanada ga mijin da ya kore ɗa ita ce li'ani, wato rantsuwar da miji da mata ke yi, kamar yadda ya zo a Suratun Nur, aya ta 6 zuwa ta 9, a gaban alƙali, kuma bayansa aure ya ƙare har abada. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, ta zauna a Makka a 2002 ta ce bai halatta a yi amfani da gwajin nan a kore nasabar da ta tabbata ba, ko a gabatar da shi a kan li'ani. Ta yarda da shi a wurare irin su cakuɗewar jarirai a asibiti da gano yaran da suka ɓace a yaƙi ko bala'i. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ita ma tana ɗaukar duk ɗan da aka haifa cikin aure, ko cikin kwana 280 bayan rabuwa in uwar ba ta sake aure ba, a matsayin ɗan mijin.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne yaron. Wata biyu yana ciwo, uwarsa tana jinya, kai kuma hankalinka yana wani wuri. Yaro mai sikila yana buƙatar rajista a sashen masu sikila, rigakafinsa ya cika, ya kwana cikin gidan sauro, ya sha ruwa sosai, a kiyaye shi daga sanyi, zazzaɓi kuma ko kaɗan ne a garzaya asibiti. Ka tambayi likita batun maganin hydroxyurea. In sakamakon HPLC ya fito, ka sake rubuto mini, mu duba shi tare.

Tambaya: Hajiya, mahaifinmu ya rasu bara. Ana shirin rabon gado sai wani saurayi ya zo ya ce shi ɗansa ne, wai ya auri uwarsa lokacin da yake fatauci a Kumasi. Kamarsa da Baba kuwa kamar an tsaga kara. Tunda Baba ya rasu, gwajin zai yiwu? Wata 'yar'uwa daga Katsina.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba. Gwajin zai yiwu, ba sai an taɓa kabari ba. In kina da 'yan'uwa maza, ana iya kwatanta kuromosom Y, wanda uba ke gadar wa 'ya'yansa maza. Sai dai shi wannan tsatso kawai yake nunawa. Ɗan baffanku ma zai dace. Don haka ake haɗa shi da gwajin 'yan'uwantaka, a ɗibi samfurin ku da yawa da na uwar saurayin, da na kakarku ta wajen uba in tana raye. Yawan waɗanda aka gwada shi ke ƙara wa sakamako ƙarfi.

Amma alƙalin da zai raba gado auren zai fara tambaya. Ku aiki dattijo guda zuwa zangon Kumasi ya nemi limamin da ya ɗaura, da waliyyin matar, da shaidu, da waɗanda suka halarci suna. Ku tambayi abokan fataucin Baba. Da wuya a rasa wanda ya ci goron. Kafin nan ku dakatar da rabon, ku kai maganar gaban alƙali, in za a yi gwajin a yi shi da umarninsa. Saurayin kuma ku ba shi masauki da abinci har manzonku ya dawo.